Gauraka Ya Yi Shiru a Titin Zariya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Sammani, tsohon direban babbar mota, wanda yanzu yake noman rani a bayan Kura, ina sanar da 'yan'uwa direbobi, da masu abinci na bakin titi, da masu faci, da duk wanda ya taɓa toshe kunne saboda shi, rasuwar Gauraka, hon ɗin iska mai bututu uku, wanda ya yi shiru a daminar nan bayan doguwar jinya da ba a sanar da ni ba.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Akwai wani rubutu a gindin bututunsa na tsakiya, na taɓa kai wa wani malamin makaranta ya duba mini, ya ce Italiya. Ban san Italiya ba, amma na sha zama ina tunanin mutumin da ya ƙera shi a can, ko ya taɓa kawowa a ransa cewa muryar da ya zuba a cikin tagulla za ta zo ta riƙa tayar da balbelu daga gonakin shinkafar Bunkure. A Jebba na same shi, a jikin wata mota da ta kwanta ba ta sake tashi ba. Komai nata ya lotse, ban da shi. Na hura masa iska da bakina, ya amsa can ƙasa-ƙasa, irin kukan gauraka idan hadari ya haɗo, sai na sa masa sunan.

A lokacin ina dakon tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, a mota mai bodin katako. Duk wanda ya yi hanyar tare da mu zai shaidi marigayin da halin kirki. Bai taɓa zagin kowa ba. Akwai hon ɗin da in an danna maka shi sai ka ji kamar an ambaci iyayenka, amma shi Gauraka sallama yake yi, sannan ya nemi hanya. Shanun Fulani sukan ɗaga kai su dube shi kafin su matsa. Ya kuma san lokacin da barci ya fi kashe direba, wato bayan azahar, in rana ta kwanta a kan gilashi, kwalta ta miƙe tana walƙiya kamar ruwa. A irin wannan lokaci nakan ja igiyarsa ba don kowa ba, ya yi mini tsawa, in farka.

Amma babban aikinsa shi ne gaisuwa. A zamaninmu kowane direba yana da kiɗansa, wanda yake yi in ya doso garinsu. Namu shi ne: faaa, fa-fa, faraaa. Doguwa ɗaya, gajeru biyu, sai doguwar da take karkarwa a ƙarshe. Matata Saude, Allah ya jiƙanta, tana ji daga cikin gida sai ta ɗora ruwan wanka. Ta ce ko a cikin taron biki ne tana gane shi, har tana gane ko na gaji ko ban gaji ba daga yadda ƙarshen ya fita.

Da bayana ya ƙi, idona ya yi yana, na sauka daga mota na koma gona. Na kwance Gauraka na rataye shi a ɗaki. Ya yi shekaru a nan, gizo-gizo yana saƙa a bakinsa, har ɗana na fari ya samu tuƙi a wani kamfanin dakon kaya.

A nan sai na yi wa baƙi bayani. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a tambayarsa ko ya ci abinci a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na yi da nawa. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, ko da yake yanzu har ya fara furfura. Ranar da zai fara aiki ban ce masa komai ba. Na sauko da Gauraka, na goge shi da toka da lemon tsami, na ajiye a ƙofar ɗakinsa na tafi gona. Da na dawo ba ya nan. Daga baya na ji ya kai wa Salisu mai walda, ya ɗaura masa shi a bayan kan motar, a wani lungu da ba a gani, don kamfanin ba ya yarda a ƙara komai a jikin motarsa.

Tuƙin yanzu ba irin namu ba ne. Mu mun sha wuya, amma da mutane muka sha ta. Akwai wanda za ka miƙa wa sitiyari, akwai wanda zai dafa shayi, in ka ga gari ya yi maka ka tsaya ka yi salla ka miƙe ƙafa. Shi yaron nan shi kaɗai ne a cikin motar daga Legas har Kano. Akwai wata na'ura da take gaya wa ofis inda motar take, ko ta tsaya ko tana tafiya, akwai kuma kyamara a saman gilashi da take kallon idonsa. An zana masa wuraren da zai tsaya, garinmu ba ya ciki. In taya ta daina juyawa a inda ba a zana ba, nan take waya za ta yi ƙara a tambaye shi dalili, in irin haka ta taru a karɓe mukulli a ba wani, don masu jira suna da yawa. In ya isa inda suke sauke kaya a wajen Kumbotso, kafin ya gama wanke fuska an loda masa wasu an juya shi. Hutun da ake cewa yana da shi, kullum sai an ce in an rage kaya.

Gonata tana bakin titin Zariya, daidai inda kanal ya ratsa ta ƙarƙashin kwalta. Motocin kamfanin duk farare ne, duk kamarsu ɗaya, ni kuwa da wannan idon ba na bambanta tirela da hadari sai ta matso. Wata rana ina tsugune ina buɗe wa albasa ruwa, sai na ji: faaa, fa-fa, faraaa. Ban taɓa koya masa ba. A cikin zanin goyo ya ji shi. Balbelu suka tashi gaba ɗaya, ni ma na miƙe da fartanya a hannu, kafin in juya motar ta wuce. Tun daga ranar haka muke yi. In zai gangara kudu ya yi, in ya dawo ya yi. Ni kuma in ɗaga fartanya. A kan wannan muka yi maganganu da yawa da ba mu taɓa yi a tsakar gida ba. Na koyi abin da Saude ta iya: in ƙarshen ya fita gajere, na san ƙafafunsa sun kumbura, bai yi barci ba.

Za a ce ai akwai waya. Akwai, tana aljihuna. Amma inji ya cinye rabin kunnuwana, muryar waya a wurina kamar sauro ne a cikin tulu. In ya kira, sai mu gaisa, ya tambayi gona, in tambayi hanya, mu yi shiru har ɗaya ya kashe. Ita waya kuma tana iya zuwa daga ko'ina. Gauraka in ya yi magana, na san yaron nan yana nan, a titin nan, iskar da nake shaƙa ita yake shaƙa.

Ciwon ajali ya fara ne da dishewa. A farkon damina na ji doguwar ƙarshe ta fita da kaushi, na ce sanyi ne. Daga nan gajerun suka koma ɗaya. Daga nan ban sake jin komai ba. Na bar aiki na koma zama a kan kwalbati. Shinkafa ta yi ciki, ta fitar da kai, ta soma ja, fararen motoci suna wucewa ba wadda ta ce mini uffan. Na tambayi masu faci, suka ce lafiyarsa ƙalau, suna ganinsa a hanya. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na ce wato yana wucewa ke nan, ya gaji da gaishe da tsoho. Ban tambaye shi ba. Yaya zan tambaya?

Gawar ta iso ne ta hannun Sabina, mai sayar da shinkafa da wake a inda motoci suke rage gudu kafin su sha kwana. 'Yar Filato ce, ta daɗe a cikinmu har Hausarta ta fi tawa gudu. Ta zo har bakin kanal da wani buhu a ka, ta dire a gabana, ta ce ɗana ne ya rage gudu ya miƙo mata ta taga, motar ba ta ma tsaya ba. Na kwance bakin buhun. Gauraka ne a ciki, ya yi kore, bututun tsakiya ya tsage.

Na tambaye ta ko ya ce wani abu. Ta zauna a gefen kwalbatin, ta ce, "Baba Sammani, cewa ya yi in gaya maka duk wucewar da yake yi yana ganinka a nan. Yana jan igiyar, iska kawai take fita. Ya ɗaga maka hannu, ba ka gani."

Na mayar da Gauraka cikin buhun. Ta ce ya rame, idonsa ya yi ja kamar gauta, ya kuma tambaya ko har yanzu gwiwata tana damuna. Sannan ta ce ni da shi taurin kanmu ɗaya, waya a aljihu amma mun zauna muna jiran ƙarfe ya yi mana magana. Na ce mata tagulla ne, ba ƙarfe ba. Ta ce to Allah ya ba tagulla lafiya, ta bar mini abinci a leda ta koma wajen tukunyarta.

Na kai shi wurin Salisu mai walda. Ya buɗe maƙogwaronsa, ya nuna mini wani ɗan faifai siriri da ya ruɓe, ya ce irinsa an daina yi. Ya ce iskar teku ce ta ci shi, don motocin sukan yi kwana da kwanaki a layi a bakin tashar jiragen ruwa suna jiran kaya, direba ba halin ya bar mota, a ciki zai ci, a ciki zai kwana, gishiri yana shiga ko'ina. Ashe ba gudu ne ya kashe Gauraka ba, jira ne. Na so in tambayi Salisu ko gishirin nan yana cin mutum ma, sai na ga yana da aiki a gabansa.

Marigayin ya rasu ya bar wata butar shayi mai lotsattsen gindi da suka yi hanyar Legas tare, da igiyarsa da har yanzu take rataye a cikin motar ba ta jan komai. Ya bar ƙusar da ya zauna a kanta a ɗakina. Ya bar balbelun bakin kanal, waɗanda yanzu suke kiwo har yamma ba mai tayar da su, na lura har sun yi ƙiba. Ya bar wani direba da yake wuce gonar mahaifinsa ba shi da bakin gaisuwa. Ya bar ni.

Game da jana'iza, na je wurin liman. Ya ce ba a yi wa tagulla wanka, ba a yi masa salla, ya kuma tambaye ni ko ina samun barci. Na karɓi hukuncinsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo da sikelinsu, na ce su yi haƙuri. Za a naɗe shi a tsohon zanen Saude, a binne shi a gindin mangwaron da ke gefen kwalbati, bakinsa yana kallon titi. Ba a buƙatar taro. Sabina ta ce za ta kawo shayi. Direbobi masu wucewa, don Allah kada wanda ya kwaikwayi kiɗansa da nufin ta'aziyya, zan miƙe ne a banza. Ni dai yanzu kowace farar mota ina ɗaga mata fartanya, in ba tasa ba ce a yafe mini.

Ba a sa rana ba. Mun saba ba ma barin mamaci ya kwana, amma wannan zai jira, don ba zan haƙa ramin ni kaɗai ba, kuma ba zan haƙa shi da kowa ba sai da wanda ya ja igiyarsa na ƙarshe. Saboda haka ina roƙon masu kallon na'ura a ofis, ranar da suka ga wata mota ta tsaya a bayan Kura inda ba a zana ba, su kau da kai na ɗan lokaci. Ƙasar wurin da laushi take, ruwan kanal yana jiƙa ta, haƙar ba za ta daɗe ba. Kafin shayi ya huce zai koma kan hanya.

Duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi, in ya haɗu da yaron nan a Mokwa ko a layin tashar jiragen ruwa, ya gaya masa fartanya biyu na ajiye a gindin mangwaron. Direbobin kamfanin suna da yawa, kada a kai saƙon ga wani. Sunansa Iliyasu. Ban taɓa faɗa da bakina ba, yau ma rubutawa na yi.