Gyaran Gyararre

Shekarar da na yi ritaya na sayar da bijimaina biyu a kasuwar Maigatari, na sayi hannun jarin wani kamfani mai juya dukiyar mutane. Kuma ban yi da ka ba. Na tattara ribarsa ta shekara goma, na ɗaga ta kowace shekara zuwa darajar nairar yau saboda hauhawar farashi, na fitar da matsakaiciya, na gwada da farashin jarin. Sai na ga araha kamar kyauta.

A majalisarmu ta Gumel na yi ta bayani har shayi ya huce. Yayana ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce, "Yaya, lissafi ba ya ƙarya."

Ashe alƙaluman da na ɗauko an riga an gyara su daidai da hauhawar farashin. Ni na sake gyarawa, ribar ta kumbura a banza. Jarin ya tsaya cik, shanu kuwa suka yi tsada. Abin da ke damuna, ba sakaci na yi ba, ƙoƙari ne ya yi mini yawa.

Har yau in na zauna cin tuwo, sai matata ta janye gishiri ta ce, "Malam, an riga an sa."