Farfesan Dodanni Ya Soke Zaɓe

Idan ana maganar ilimi, dole a sara wa Farfesan Dodanni. Gaskiya ne kwafin takardu yake yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, amma wannan don rufin asiri ne kawai. Ainihin aikinsa shi ne shugabancin zauren masoya manga, littattafan zane na Japan, a waya. Mambobi ɗari biyu da sha ɗaya. Shi ya naɗa kansa, kuma ya yi nasara ba hamayya.

Duk mako zauren kan haɗa jaruman almara biyu a jefa ƙuri'a, a ga wa zai kayar da wa. Farfesa ba ya tsayawa ga ƙuri'a kamar gama-garin mutane. Hukunci yake yankewa, da saƙon murya na minti sha bakwai, injin kwafi na ƙugi a bayansa.

Wannan makon aka haɗa Sarauniyar Ƙanƙara mai takobi da Dodon Kumbo, wata halitta mai baki uku da ke lamushe matafiyan sararin samaniya ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a," in ji Farfesa, "ni da na nazarci littafin Dodon Kumbo sau tara, ina tabbatar muku dodon nan ya fi ƙarfin takobi. Wanda ya zaɓi matar nan, jahilci ya zaɓa."

Jahilci ya samu ƙuri'a ɗari da arba'in. Dodo ya samu uku: ta Farfesa, ta uwargidansa, wadda ya ɗauki wayarta tana guga, da ta mai aski, wanda ya rantse yatsansa ne ya zame.

Farfesa ya ji kujerarsa na rawa. Nan take ya soke zaɓen, ya ce an tafka maguɗi, ya kira taron gaggawa a shago da la'asar. Mutum bakwai suka hallara, huɗu daga ciki ruwan sama ne ya koro su.

Ya gyara zaman tabarau, ya fito da littafin na asali, mai rubutun Japananci, wanda yake cewa da zuciya yake fahimtarsa.

"Ku buɗe idonku. Shafin farko, an babbake shi da wuta. To, duba, ya haɗe jikinsa ya miƙe! Nan kuma yana amayo mutane da ransu, don tsabar iko. A ƙarshe ya shige ƙwansa ya kwanta lafiya lau. Wa ya isa?"

Wata ma'aikaciyar jinya, mambar da ba ta taɓa cewa uffan a zaure ba, ta miƙa hannu ta karɓi littafin. Ta juya shi a hankali, kamar tana juya majinyaci.

"Yallaɓai, daga dama ake fara shi. Ƙwan shi ne farko. Wutar ce ƙarshe. Ya mutu murus."

Mai aski ya toshe baki da tawul, kafaɗunsa na rawa.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Madalla, 'yar'uwa, kin ci jarrabawa. Da gangan na yi, don in auna zurfinku. Mutum irina bai san gaba da bayan littafi ba?"

Daidai nan wata ɗaliba ta faɗo shagon a jiƙe, tana kaɗa kundin bincikenta.

"Mai kwafi! Wane irin aiki ne wannan? Ka ɗinke min shi a baibai, sai da malami ya kore ni daga ofis!"