Lilon Kaboyi

To ai ni na fara lilo mai zane a duk Ƙofar Mata! Lilon Malam Bukar ya kwashe mini yara, ni kuwa na kalli fim ɗin kaboyi, sai na zana dokinsa a kujerun lilona da shunin karofi. Wani marini ya ce, "Malam, shuni ba ya kama katako." Na ce masa wannan ilimin zamani ne.

Ranar Sallah yara suka hau da fararen kaya, kowa ya sauko da shuɗin doki a bayan wando. Iyaye suka yo kaina da faɗa, yara kuwa suka yi layi, kowa sai an buga masa nasa. Bukar ya wuni yana hamma.

Har yau in marina suka hango ni sai su ce, "Kaboyi, aiki ya yi mana yawa, ara mana lilon nan!"