Ranar da Na Raɗa wa Fayiloli Sabon Suna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kibiya ba, ranar da son tsari ya kunyata ni a gaban malamina.

Ni da allo da tawada na tashi, a hannun Malam Isiyaku na Nariya na koyi Ajami. Kwamfuta kuwa da furfurata na same ta. Ni da Malama Rabi, mai koyar da kwamfuta a Rano, muka haɗa wata 'yar manhaja mai zana tagogi da maɓallai, rubutu ya taho daga dama yadda ya kamata. Burina ɗaya ne: Malam ya yarda mu shigar da waƙoƙinsa na wa'azi cikin kwamfuta kafin gara ta gama da takardun. Na daɗe ina roƙo kafin ya ce, "To, ku kawo na gani. Sau ɗaya."

A cikin aikin akwai wasu ƙananan fayiloli da muke kira na kai. Su ke ɗauke da jerin kayan aiki, sauran fayiloli kuma sai sun kira su da suna kafin su motsa. Sunayen ne suka tsaya mini a rai: sabo, sabo na biyu, sabo na gaskiya (Malama Rabi ce ta raɗa, Allah Ya yafe mata). Ana saura kwana uku mu nuna wa Malam na yi bisimilla na sauya su kaf. Na koma littafin bayanin manhajar na gyara kowane suna, na yi masa muƙabala layi-layi da ƙarfi, har maiɗakina ta leƙo ko baƙi na yi. Kunna aikin ne kawai ban yi ba. (Me za a gwada? Suna kaɗai na taɓa.)

Na kira Malama Rabi na ce ta goge tsohon aikin da ke hannunta, ta ɗauko sabo.

"Malam, ka gwada kuwa?" ta tambaye ni.

"Har muƙabala na yi."

Ranar Asabar zaure ya cika da malamai, majigi na haska bango, Malam na zaune da gafakarsa a cinya. Ban tsaya nan ba, sai da na yi jawabi a kan falalar tsari. Malama Rabi ta danna. Babu taga, babu maɓalli. Jan rubutu ne ya zubo a bango, layi bayan layi, duk kuka ɗaya: ba a ga fayil ba.

Malam ya gyara tabarau. "Wannan jan, wasulla ne, irin waɗanda muke sawa da jar tawada?"

"A'a, Malam," in ji ni.

Malama Rabi ta yi ƙasa da murya, amma ba sosai ba. "Ka sauya musu suna. Masu kiransu fa, ka gaya musu?"

Dole na yi wa Malam bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro warƙa ɗaya ya nuna 'yar kalmar nan da muke rubutawa a ƙasan shafi, mai nuna warƙar da ke biye, tunda littattafanmu ba ɗinki gare su ba.

"Wato ka taɓa kan shafi, ka bar ta ƙasa tana kiran wanda babu? Wannan fa shi na fara koya maka."

Wani malami ya yi tari irin na ɓoye dariya. Malam ya mayar da warƙarsa, ya ɗaure gafaka. Abin haushin, kafin shayi ya tafasa Malama Rabi ta gyara komai, amma Malam ya riga ya hau babur ya tafi.

Yanzu duk Alhamis ina Nariya, ina kwafe waƙoƙin da alƙalami, don abin da ya yarda da shi ke nan. Kowace warƙa na miƙa masa, ƙasanta yake fara dubawa. Ni kuwa na koyi darasi: kafin ka sauya wa abu suna, nemi masu kiransa. Kuma idan Malama Rabi ta ce "ka gwada kuwa?", don Allah tashi ka gwada.