Haushin Kawu Sale

Ranar sadakar ukun Inna, na fito ƙofar gida ina jin na fi kowa iya riƙe zuciya. Lokacin jinyarta na koyi wata dabara a waya: ka rufe ido, ka ja numfashi, duk abin da ya taso maka a rai ka kira sunansa, sai ya lafa. A ɗakina na haya a Yalwa nake yi, ni kaɗai, da murya. Har yayata Hajara na yi wa wa'azi cewa kukanta rashin horo ne.

Muna zaune kan tabarmi, liman ya fara addu'a. Na runtse ido na shiga aiki. A hankali na ce baƙin ciki ne. Na ce kewa ce. Ana shafawa, wuri ya yi tsit, sai bakina ya ce, "Wannan haushi ne. Haushin Kawu Sale, da bai taɓa leƙa ta a asibiti ba."

Na buɗe ido, ga Kawu Sale, ƙanen Inna, gwiwarsa na gugar tawa. Ya ɗauki takalmansa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana." Haushin bai lafa ba, kuma kukan da na hana Hajara ni na yi shi, a gaban maza.

Har yau Kawu bai sake taka gidanmu ba. Ko gyangyaɗi na fara, sai Hajara ta ce, "Ku watse, Malam zai kira suna."