Yadda Nomau Ya Gyara wa Iya Babur

Yaya Haladu, ka tafi ba ka ji ƙarshen labarin Nomau da babur ɗinsa ba, alhali a rumfar kanikancinka aka fara shi. Bari in ɗauko maka daga tushe.

Gidan su Nomau shi ne na ƙarshe kafin rafi: ɗaki biyu, rumbu ɗaya, tunkiya mai tari, sai mahaifiyarsa Iya Kyauta, wadda yanar ido ta rufe wa gani har ba ta bambance mutum da turmi. Akwai kuma tsohon babur da kawunsa ya bar masa. Nomau ƙato ne mai biyayya, abin da ka faɗa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka. Da aka yi shela cewa likitocin ido za su sauka birni ƙarshen wata, kwana uku kacal, ya ce zai kai Iya. Tafiyar awa huɗu ce a gargada, ga damina ta hana mota shigowa. Iya ta ce, "Ni? A kan wannan jakin ƙarfen? Wancan karon da ka kai ni biki kwana tara na yi rubda ciki. Gara in zauna da duhuna." Shi ne ya turo babur rumfarka neman dabara.

Wata rana ka danna kujerar da yatsa ka ce, "Wannan ai dutse ce, Nomau. Nemo soso ka shimfiɗa mata." Kai soson katifa kake nufi. Nomau ya bi dangar mutane ya tsinko soson wanka goma sha biyu, busassu ƙayau, ya ɗaure su da tsumagiyar roba. Ya ɗora Iya don gwaji, ya zaga da ita masallaci sau ɗaya. Ta sauko tana susa da hannu biyu. "Ɗan nan, asibiti za ka kai ni ko cuɗa za ka yi mini?" Ya ce, "Malam Haladu ne ya ce." Ta ce, "To je ka ce masa na fita tas."

Wata rana kuma ka duba ƙafar baya ka ce, "Wannan tayar ta kwanta. Kai ta ta sha iska." Da la'asar aka ga Nomau ya kwance taya yana gara ta a tsakiyar gari. Masu zaman dandali suka ce, "Ina zuwa, Nomau?" Ya ce, "Shan iska muka fito." Ya kai ta bakin rafi, ya jingina ta da tsamiya, ya zauna yana yi mata fifita da hula. Da ya dawo ka tambaye shi, "Ta sha?" Ya ce, "Ta sha sosai, har bayan kasuwa muka zaga. Amma har yanzu a kwance take. Ina jin gajiya ce." Ranar sai da ka ajiye sifana ka riƙe ciki.

Wata rana ka hau babur ɗin ka girgiza shi, ka ji ƙarfen da ke shanye gargada ba ya motsi. Ka ce, "Ai ga matsalar. Shokozobanka ya mutu." Idon Nomau ya cika da ƙwalla. Ya cire shi, ya naɗe a farin ƙyalle, ya binne bayan rumbu, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna ya sunkuyar da kai. Maƙwabta suka ga tabarma, suka ga sabuwar ƙasa a hannunsa, mata suka shiga gida da salati suna cewa Iya ta cika. Sai ga Iya ta fito daga ɗaki tana lalube. "Wa ya rasu?" Mata suka watse, wata ta bar takalmi. Nomau ya leƙo ya ce, "Shokozoba ne, Iya." Ta ce, "Allah sarki. Ɗan gidan wa?"

Daga nan ka daina ba shi saƙo. Da hannunka ka sa soson katifa, ka sa wani shokozoban, ka gyara matakin ƙafa. Duk da haka Iya ta ƙi. Ta ce ba ta ganin rami balle ta shirya masa, ba abin jingina, kuma hannunta ba ya zagaye cikin Nomau. Ana cikin haka ciwon nan ya kwantar da kai. Saura kwana biyar likitoci su zo Nomau ya durƙusa bakin tabarmarka ya ce, "Malam, ta ƙi hawa." Muryarka ta riga ta yi ƙasa. Ka ce, "Lallaɓa ta za ka yi. Ka ɗauke ta kamar ƙwai." Jibin ranar muka kai ka makwancinka.

Wata rana, ana gobe likitocin za su tafi, Nomau ya buga sallama gidan Goggo Tambai mai sayar da ƙwan zabi. "Goggo, yaya ake ɗaukar ƙwai zuwa birni?" Ta ce, "Kwando mai zurfi, buntun shinkafa a ƙasa, buntu a gefe, kada ka bar wurin da zai motsa. Ka rufe da zane saboda rana. In ka ga rami ka sauka ka tura. Guda nawa ne?" Ya ce, "Ɗaya ne, amma babba." Ya ari kwandonta mafi girma, ya ɗaure shi tamau a bayan babur, ya zuba buntu, ya ɗauki Iya cak ya dasa a ciki, ya cike gefe da gefe har ƙugu. Iya ta shafa ta ce, "Wannan wace irin kujera ce?" Ya ce, "Ta Malam Haladu ce." Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Mu je."

Duk ramin da suka tarar sai ya sauka ya tura. Kafin gari na biyu Iya ta yi barci, kai a jingine da bakin kwando. Awa shida suka yi, suka isa ana shirin rufe layi. Nomau ya yaye zanen a gaban ma'aikaciyar asibiti ya ce, "Ga ta. Duba, ko tsagewa ba ta yi ba."

A ranar aka yi mata aikin ido. Da aka kwance mata bandeji washegari, likita ya ce kada a bari ta sha jijjiga a hanyar komawa, ya fito ya ga abin da aka kawo ta ciki, ya ce kada a canza komai. Iya ta tsaya ta ƙare wa kwandon kallo da sabon idonta, har da gashin zabi a maƙale. "Ɗan nan, a cikin wannan na ratsa gari bakwai?" Ya ce, "E, Iya." Ta ce, "Wallahi da ina gani da ban shiga ba." Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga hannu biyu. "To me kake jira? Ɗauke ni. Ka ƙara buntu ta hagu."

Ina zaune a rumfarka suka shigo gari, kan Iya ya leƙo daga kwando tana gaida kowa da sunansa. Dariya ta ƙwace mini, Yaya, ta farko tun ranar da muka dawo daga maƙabarta. Ban gaya wa kowa ba tukuna, sai kai.