Dattijo Ya Rasu a Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masu kawo aiki garejin Baba rasuwar babur ɗinmu, wanda kowa ya sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan bencin gyara, yana da shekara ashirin da biyu. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Ya kamata a ce an yi wannan sanarwa tun tuni. Ni ce na jinkirta ta, kuma za ku ji dalili.

Marigayin ya girme ni da shekara biyu. Shi ya kai Mama asibiti ranar da za a haife ni, shi ya dawo da mu. Ja ne a ƙuruciyarsa, amma ni ban riske shi da wani launi da zan iya faɗin sunansa ba. Ya kasance mai haƙuri da kawaici. Ya ɗauki buhu, ya ɗauki katifa, ya ɗauki mu huɗu a lokaci guda bai ce uffan ba. Ba ya tashi a bugun farko, ba ya wuce na uku. Da safe sai ya yi tari biyu, “kuf, kuf”, sannan ya kama “tuf-tuf-tuf” ɗinsa, wanda muke ganewa tun daga bakin layi har Mama ta ɗora ruwan wankan Baba. Hon ɗinsa kuwa, Yaya yakan ce akuya ce mai mura. Yaya ya sha yi masa gori, wai ko keken guragu zai wuce shi a kan gada, amma duk ranar da sabon babur ɗinsa ya ƙi tashi, Dattijo yake zuwa aro, yana sosa ƙeya.

Ya bar Baba, abokin tafiyarsa. Ya bar Mama, da Yaya, da ni. Ya bar hular kwano ɗaya mai tsagaggen gilashi, da madubi ɗaya, don ɗayan ya riga shi tun ina ƙarama. Ya bar tabon baƙin mai a ƙofar gida, wanda ba sabulun da ya taɓa fitar da shi. Ya kuma bar mai faci na kusa da mu, wanda ya ce ya rasa babban mai ciyar da shi.

Rashin lafiyarsa ba mai tsanani ba ce. Kuloci ne ya fara suɓucewa: a ba shi wuta ya yi ta ihu, amma ba ya gaba. Baba ya ce faifan kuloci ne suka cinye, aikin rabin yini. Ya juye mai, ya buɗe murfin inji, ya kwance notoci yana miƙo mini ina jerawa a faranti, don aikina ke nan a gareji tun da na bar makaranta: wanki da jeri da miƙo sufana. Komai ya fito lafiya sai cibiyar kuloci, wato ƙarfen tsakiya da faifan ke zama a kansa. Ta manne wa sandarta, ta ƙi motsi.

Duk wanda ya san Baba ya san ba ya kokawa da ƙarfe. Idan abu ya cije, sai ya ɗiga masa mai, ya ɗora katako ya ɗan ƙwanƙwasa, ya tafi ya bar shi ya yi tunani. Haka ya yi. Sai dai a bugu na biyu hannunsa ya yi rawar nan da ya fara yi tun bara, guduma ta goce ta taɓa jikin inji. Taɓawa ce kawai, ina tsaye na gani, ko fenti ba ta kankare ba. Baba ya ajiye guduma, ya ce zai je wurin mai walda ya karɓo fula, ƙarfen nan mai farata uku da ke jawo abu a hankali. Ya ce kada in taɓa komai.

Na taɓa.

So nake ya dawo ya tarar na cire ta. Shekara shida ina wankin notoci, ban taɓa iya buɗe baki in ce ya bar ni in gwada ba. Na ɗauko ƙarafan cire taya guda biyu, na zura su bayan cibiyar, na jingina su da bangon inji, na danna. Ba ta motsa ba. Na san inda ya kamata in tsaya ke nan. Na sha jin Baba yana cewa bangon inji alminiyon ne, ƙwai ne da ya sa rigar ƙarfe. Amma sai na sa gwiwa, na kwanta a kansu da duk nauyina.

Kalmar Dattijo ta ƙarshe ita ce “ƙas”. Ba da ƙarfi ba. Kamar an taka busasshen kara.

Na zare ƙarafan, na goge su, na mayar inda suke. Na koma gaban kwanon wanki na tsoma hannu a kananzir. Da Baba ya dawo ya ɗaura fula, juyi huɗu cibiyar ta fito kamar ba ita ba. A bayanta kuwa ga tsaga, ta taso daga mazaunin boris, inda sandar ke juyawa, har ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon tsagar. Daga nan ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Ya ce, “To, kai ma ka gaji ke nan.” Ban san ko da babur yake ba ko da hannun.

An kira mai walda. Ya haska, ya shafa, ya ce wurin ba ya karɓar walda, kuma irin wannan inji an daina kawo kayansa tun yana yaron shago. Yatsansa ya tsaya a kan tabo biyu da ƙarafana suka bari a bangon, waɗanda idon Baba bai kai gare su ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi. Tun ranar nake zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta ƙofar shagonsa.

Da a ce babur kaɗai aka rasa, wataƙila da na ci gaba da yin shiru, don ni ba mai ƙarfin hali ba ce. Amma tun daga ranar Baba bai sake riƙe sufana ba. Yana zuwa gareji, ya zauna a benci, hannu cikin aljihu. Mutum bakwai na ƙirga da ya mayar, har da malamar asibitin da ba ta yarda kowa ya taɓa mata babur sai shi. Ya ce musu wanda ya kashe nasa ba a ba shi amanar na wani. Shekaranjiya na ji yana tambayar Yaya ko ya san mai son sayen garejin. Mama ta ce ya je a duba hannun, ya ce ya riga ya ga sakamako. Sau uku ina kai masa ruwa da niyyar in faɗa, sau uku ina ajiye kofi in fito.

Shi ya sa na rubuta. Zan manna wannan takarda a ƙofar gareji. Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ina roƙon duk wanda ya fara isowa ya karanta masa da ƙarfi, kada ya tsallake ko layi ɗaya don ya rufa mini asiri. Baba, ba gudumarka ba ce. Ka sa yatsa a bayan inda cibiyar take, za ka ji tabo biyu. Nawa ne. Ka yafe mini babur ɗin, ka kuma yafe mini kwana goma sha ɗayan, don su suka fi.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a gareji. Tayoyi za su koma wurin mai faci. Fitila da sarƙa na Yaya ne, tunda ya daɗe yana zagaya su. Mama ta ce a bar mata kujerarsa ta ajiye a tsakar gida. Abin da ya rage, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa bayan azahar. Masu ta'aziyya su nufi Baba. Masu faɗa su nufo ni, ina nan gaban kwanon wanki, ba zan gudu ba.

Sai dai ba a fitar da gawa sai an kwance ta, kuma na roƙi Yaya, na kuma aika wa mai walda, kada su sa hannu, sun amsa. Ni ma ba zan taɓa ko noti ɗaya ba. Dattijo zai ci gaba da kwanciya a kan benci, mu kuma muna tsaye, har sai Baba ya fitar da hannunsa daga aljihu ya ce in miƙo masa sufana.